Yadda Muka Kai Hajiya Tsaunin Mambila

Ƙanwa guda ce ta rage wa Hajiyarmu a duniya, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma aure ya kai ta Gembu tun ina ɗan firamare. Fataucin shanu ne ya hau da mijinta tsaunin Mambila, wurin ya karɓe shi, ya zauna. Inna muke ce mata. An daɗe ƙwarai 'yan'uwan nan biyu ba su sa juna a ido ba, sai gaisuwar waya, ita ma rabinta "kina ji na?" ce. Da labari ya zo cewa ciwon ƙafa ya kwantar da Inna, har tsakar gida sai an riƙe ta take fitowa, sai Hajiya ta rage cin abinci. Ba ta ce wa kowa a kai ta ba, iyayenmu ba sa buɗe baki su nemi irin wannan. Amma duk wanda ya shiga gaishe ta, kafin ya tashi sai ta sako zancen Inna.

Motar haya ba za ta yi ba. Wanda ya taɓa shiga bas daga Kano zuwa Jalingo ya san yadda ake jera mutane, gwiwa a tokare da kujerar gaba, direba ba ya tsayawa sai inda ya ga dama. A Jalingo kuma a sauka a nemi wata motar. Hajiya ta haura saba'in, ga ciwon gwiwa ga ciwon suga, dole a riƙa tsaya mata ta zaga, ta ci wani abu a kan lokaci. Ko jirgi aka hau zuwa Yola, mafi wuyar hanyar tana nan gaba. Don haka da yara suka samu dogon hutu na ce a shirya, da motata za mu, mu duka.

Motar Toyota Highlander ce ƙirar 2012, 'yar Kwatano, wadda ta yi zamanta a Amurka kafin ta zo hannuna. Injinta silinda shida, lita 3.5, giya otomatik, ƙafafunta huɗu duk suna ja, kujeru layi uku na mutum bakwai. Mutane suna ganinta suna jera ta da Prado da Land Cruiser, alhali ba tafiyarsu ɗaya ba. Waɗancan a kan shasin ƙarfe aka ɗora jikinsu, kuma suna da ƙaramar giya ta musamman don laka da dutse. Highlander daga ginin Camry aka tashe ta. Motar iyali ce da aka faɗaɗa, aka ɗaga cikinta kimanin santimita 20 daga ƙasa. Da sanin haka na saye ta, don ni ba daji nake shiga ba. Abin da nake nema shi ne motar da za ta kwashe gidana gaba ɗaya zuwa biki ko ta'aziyya ba tare da an ɗora wani a cinyar wani ba.

Kafin mu tashi na kai ta gareji. Bakanikena ya tambayi inda za ni, na ce Gembu. Ya ajiye sifanar hannunsa ya ce, "Alhaji, to ba inji za mu fara dubawa ba, birki ne." Ya cire ƙafafun duka, ya sa sabuwar fatar birki gaba da baya, ya zubar da tsohon man birki ya zuba sabo. Sannan ya juye baƙin mai, ya duba ruwan lagireto da fambel. Da ya zo kan tayoyi sai ya nuna min lamba huɗun nan da ke jikin kowace taya, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar. Tayoyin gaba zanensu lafiya lau, amma sun tsufa, gefensu ya fara tsagewa. Na canza su ina jin zafin kuɗin. Abu na ƙarshe, ya sa na sauko da safaya da hannuna a gabansa. A wannan motar tayar tana rataye ne a ƙarƙashin but daga waje, da ƙarfe ake murɗa ta ta sauko, kuma idan aka shekara ba a taɓa ta ba tsatsa tana kama wurin. Ya shafa giris, ya ba ta iska.

Mu bakwai ne: ni, da ƙanena wanda zai riƙa karɓa ta tuƙi, da Hajiya, da maiɗakina, da yara uku. A nan aibin irin waɗannan motoci yake fitowa. Idan aka tayar da layin kujerun baya, abin da ya rage na but bai wuce wurin jaka biyu ba. Ga kuma tsarabar Hajiya: atamfofi, dabino, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, alkaki, turaren wuta, da rabin buhun gero, don ta ce mutanen can masara suke ci, Inna ta yi marmarin kunun gero na gida. Ƙanena ya so a jibga komai a kariyar sama a ɗaure. Na ƙi. Mota mai tsayi da ma nauyinta a sama yake, in ka ƙara mata buhu a ka, a kwana za ka ji tana neman kwanciya. Jakunkunan tufafi kawai muka ɗora a sama muka rufe da tamfol. Gero da duk wani abu mai nauyi ya kwanta a ƙasa, a but da ƙarƙashin ƙafafun yara.

Hajiya ta zauna a layin tsakiya, bayan mai zaman banza. Kujerar wurin tana ja da baya, tana kuma kishingiɗa. Muka tura kujerar mai zaman banza gaba har ƙarshe, aka sa mata filo a ƙarƙashin ƙafa, ta miƙe gwiwarta sosai. Autanmu yana tsakaninta da mamarsa, manyan biyu suna can baya. Da ta gama gyara zama ta dubi yaron ta ce, "Maigida, yau kai za ka kai ni garin ƙanwata, ka ga ka huta da kuɗin cefane." Ni kuwa ba ta kama sunana, ɗan fari ne ni. "Kai, a yi bismilla," shi ne abin da ta ce min. Muka yi addu'ar hawa abin hawa, muka fita bayan sallar asuba.

Wudil, Birnin Kudu, Ningi, ba wani abin faɗa. A Bauchi muka tsaya cin masa, don ba a wuce Bauchi ba a ci masarta ba, muka yi ƙasaru, muka bi ta Alkaleri zuwa Gombe muka kwana. Da rana a sama muka isa, za mu iya ƙara gaba, amma na riga na sa wa tafiyar doka: ba tuƙin dare, ko da kuwa saura kaɗan a kai. Na kuma ja kunnen ƙanena a kan abu guda. Manyan lambobin agogon gudun motar da mil aka rubuta su, tunda ta Amurka ce. In allura tana kan 60, kana gab da kilomita 100 ke nan a awa. Hukumar kiyaye haɗurra kilomita 80 ta yanka wa motocin gida a manyan hanyoyi, 100 a tagwayen tituna. Babbar mota tana ɓoye gudu. Ba ka jin ƙara, ba ka jin girgiza, sai ka zo tsayawa sannan ka tuna kusan tan biyu ce ko babu kowa a ciki.

A gidan mai na Gombe maiɗakina ta kalli mita tana juyawa ta yi shiru. Tankin yana ɗaukar lita 72 da 'yan kai. Kafin ranar 29 ga Mayu 2023, ranar da aka ce an cire tallafi, lita ba ta kai naira 200 ba, da ƙasa da dubu 15 nake cika shi. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, daga baya har ta taka 1,000. Abokai da yawa sun ce in sayar in nemi Corolla, kuma ba su yi ƙarya ba in dai zancen zirga-zirgar cikin gari ake. Mutum ɗaya tilo a cikin motar mutum bakwai, a cunkoson Kano, yana ƙona fetur don a gan shi, wannan almubazzaranci ne, kuma abin yana damuna in na ga matasa suna cin bashi saboda shi. Ni tun da mai ya hau na rage fita da ita, ƙananan sabgogi A Daidaita Sahu nake shiga. Amma a hanya lissafin yana juyewa. Da kaya a sama da esi a kunne, lita ɗaya ba ta kai mu kilomita tara, duk da haka in ka raba kuɗin gida bakwai, ka kwatanta da kuɗin kujera bakwai da na kaya a tasha, ba ka yi asara ba. Wannan kuma ban sa hutun tsohuwa a ciki ba, wanda shi ba shi da farashi a tasha.

Daga Gombe ƙasa ta fara canzawa. Kumo, Billiri, Kaltungo da duwatsunta, Cham, sannan aka gangara kwarin Binuwai. Damina ta yi nisa, ko'ina kore, ga gonakin rake kafin Numan. A Numan ne Gongola yake zuba ruwansa cikin Binuwai. Na rage gudu a kan gada don yara su gani, ruwa ya cika ya batse, jajur, masu kwalekwale suna ta kai da kawowa. Babbar 'yata ta ce ashe akwai ruwan da ya fi na Wudil.

Tsakanin Numan da Jalingo ne hanya ta gwada mu. Wani wuri kwalta, wani wuri ramuka cike da ruwan da ba ka san zurfinsa ba, tireloli sun tone gefe da gefe sun bar tudu a tsakiya. Ƙananan motoci sai su karkace su hau a gicciye, kana jin cikinsu yana gurzar ƙasa. Mu muna wucewa a hankali ba abin da ya taɓa. Amma tsayi ba ya hana faci. Wani rami mai kaifin baki ya yanka mana tayar baya ta gefe. Muka samu wuri mai faɗi kusa da wani ƙauye, na ajiye alamar nan mai kusurwa uku, aka sauke jakunkunan but, na murɗa safaya ta sauko sumul saboda giris ɗin nan. Matan ƙauyen suka kawo wa Hajiya tabarma a inuwar mangwaro, da dafaffiyar gyaɗa. Ba su jin Hausa sosai, ita ba ta jin yarensu, amma kafin mu gama ɗaure noti har ta ba su dabino sun yi sallama kamar sun saba. Mai faci a gari na gaba ya duba tayar ya ce yankan gefe ba ya faci, ko an yi ba za ta riƙe ba. Na ji daɗin gaskiyarsa. A Jalingo na sayi wata kafin mu kwanta, don ba zan hau dutse ba safaya ba.

Akwai wani nauyi da babbar mota take ɗora wa mai ita wanda ba a faɗa maka ranar saye. A kowane shinge kai ake fara ɗaga wa hannu. Takarduna a cike suke, na kwastan, lasin, inshora, ga abin kashe gobara, duk a jere a inda hannu zai kai. Mafi yawa da sun leƙo sun ga tsohuwa da carbi da yara sai su ce Allah ya kiyaye hanya. Wasu sai sun ja zance. Mai sayar da ayaba ma in ya ga motar farashinsa daban. Sannan ga tunanin da kowane mai iyali yake yi a hanyoyinmu yanzu, cewa motar da ta fita daban ido yana kanta. Shi ya sa ban sa mata baƙin gilashi ba, ban kuma wanke ta ba tun da muka bar Kano.

Daga Jalingo aka nufi kudu, Garba Chede, Bali a bakin kogin Taraba, sai Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya. Can cikinsa, a kan iyakar Kamaru, Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Tun daga Bali duwatsu suke matsowa, dazuka suna ƙara duhu. A Serti na cika tanki, domin duk man da ake sayarwa a sama sai da tanka ta hau da shi, kuma wahalar tana cikin kuɗinsa.

A Mayo Selbe, gindin hawan, muka tsaya sallar azahar. Wani dattijon direba da ke shan shayi a gefen masallaci ya dubi lambar motarmu ya ce, "Baƙi ne daga Kano? Sannunku da hanya. Ka taɓa hawa?" Na ce a'a, Baba. Ya taso ya leƙa wurin giya, ya nuna harafin S da yatsa. "Nan za ka sa ta. Ta biyu, in wuri ya miƙe ta uku. Kashe esi. Kowace kwana ka yi hon tun kafin ka kai. In ka ga babbar mota tana hawa a gabanka kada ka manne mata, ba ta wuri, wata tana dawowa da baya. Hawan ba komai ba ne, ɗana. Ranar saukowa ka tuna da ni." Ya gaishe da Hajiya har ƙasa, ta sa masa albarka.

Hawan nan ban taɓa tuƙa irinsa ba. Hanya ta manne a jikin dutse, hannu ɗaya bango, ɗaya hannun kwazazzabo wanda ba ka ganin ƙarshensa sai kan itatuwa. Kwana tana ƙarewa wata tana farawa, wata har sai ka juya sitiyari ya ƙure. Akwai inda ruwa ya zaftaro ƙasa da duwatsu suka cinye rabin titi. Muka iske wata babbar mota da lodin siminti tana rarrafe, yaron motar yana tafe a ƙasa kusa da tayar baya da weji a hannu, in ta tsaya ya cusa. Na bi bayanta daga nesa har direban ya samu wuri ya miƙo hannu ya ce in wuce. A giya ta biyu injin yana gurnani amma bai nuna gajiya ba, allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba. Idona yana kanta, yana kan hanya. A wurin da ake kira Biyu da Sisi kunnuwanmu suka toshe, autan ya fara kuka, mamarsa ta ba shi ruwa ya haɗiya. Ta madubi ina hango Hajiya, hannu ɗaya a kan yaron, ɗaya yana jan carbi, leɓenta yana motsi. Ba ta kalli taga ba sai sau ɗaya, ta ce "Allahu Akbar," ta mayar da kanta.

Can sama hazo ya rufe mu, fari fat, har ba na ganin abin da ya wuce tsawon mota biyu. Na kunna fitilu, waifa tana aiki, iska mai sanyi tana shigowa ta 'yar kafar taga. Da muka fita daga cikinsa sai ga wata duniya. Daji ya ƙare. Tuddai ne masu laushi, kore shar, suna bin juna har iyakar gani, kamar an shimfiɗa darduma, shanu farare da jajaye a warwatse a kansu, da layukan itacen turare a kewayen gidaje. Tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 daga teku. Sanyin wurin ne ya hana ƙudan tsando zama, shi ya sa Fulani suka hau da dukiyarsu suka zauna tare da Mambilawa da sauran ƙabilun da suka tarar. A Maisamari muka tsaya kowa ya ciro rigar sanyi. Na kunna hita, abin da ban taɓa taɓawa ba tun da na sayi motar, na juya wa Hajiya iskar baya zuwa ƙafafunta.

Muka wuce Nguroje, muka isa Gembu da la'asar sakaliya. Gidan Inna yana kan gangare, ta wani lungu mai jar laka wanda ruwa ya yi wa kwari a tsakiya. 'Yan acaɓa suka ce mota ba ta shiga. Ƙanena ya sauka yana yi min ishara da hannu, na ɗora tayoyin a kan tudun gefe da gefe, muka gangara taku-taku har ƙofar gida. Wannan 'yar tazarar ita ce ta fi min komai a tafiyar, don Hajiya ba za ta iya taka ta da ƙafa ba, kuma ba zan so a ɗauke ta a gaban mutane ba.

An fito da Inna an zaunar a kujera a bakin ɗakinta, da bargo a kafaɗa da kaskon wuta a gabanta. Hajiya ta sauko da kanta, ta ƙi a riƙe ta. Tsayin kujerar motar daidai ƙugunta yake, juyowa kawai ta yi ta sa ƙafa a ƙasa, ba irin ƙaramar mota ba da sai an jawo ta. Ta taka har gaban ƙanwarta. Inna ta yunƙura za ta durƙusa, ƙafa ta hana, sai ta kama hannun Hajiya da hannu biyu ta ce, "Yaya, ke ce? Da ƙafarki?" Hajiya ta zauna a bakin tabarma, ta jawo ƙafar Inna mai ciwon ta ɗora a cinyarta tana matsawa, tana tambayar tun yaushe, wane magani ake sha. Ba wadda ta yi kuka a lokacin. Mu muka janye muka shiga sauke kaya. Da aka shigo da geron Inna ta sa aka kwance bakin buhun, ta ɗebo a tafin hannu ta shinshina, ta kira sunana ta ce, "Allah ya ba ka masu yi maka." A daren aka jiƙa shi, da safe aka dama kunu.

Mijin Inna, wanda muke ce wa Baba, shi ya zaga da mu. Muka je Kakara yara suka ga gonar shayi, gajerun itatuwa an aske kansu daidai wa daida, mata da kwanduna a baya suna tsinkar sabon toho. Daga nan ganyen Highland da ake sayarwa a kantunanmu yake fitowa. A hanya babban ɗana ya tambayi dalilin da ya sa ake kiran ƙaramar hukumar Sardauna. Baba ya ba shi labarin yadda yankin yake ƙarƙashin Jamus a da, a cikin Kamaru, ya koma riƙon Ingila bayan yaƙin duniya na farko, sannan a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanen arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi zama a Najeriya, aka sa wa lardin sunan sarautar Sa Ahmadu Bello. Jihar Taraba kanta sai 1991 aka yanke ta daga tsohuwar Gongola. A kasuwa kuwa Fulatanci ya fi yawa a kunne, amma da Hausa muka sayi komai.

Rannan Baba ya so ya nuna mana shanunsa a wata ruga bayan gari. An kwana ana ruwa. Muka bar kwalta muka shiga jar hanya, tun tana tafiya har muka zo wani hawa mai santsi inda manyan motoci suka haƙa ramuka biyu masu zurfi. Na gwada a hankali, ƙafafun huɗu suka yi ta juyawa, bayan motar ya fara zamewa gefe. Na tsaya, na dawo da baya zuwa inda ƙasa take da tauri, na kashe. Iyakarta ke nan, kuma ban ga dalilin tilasta mata ba. Muna tsaye sai ga wata tsohuwar Land Rover, irin waɗanda suka cika tsaunin, fentinta ya koɗe, an loda mata buhunan masara da mutane a sama, ta shiga ramukan nan tana kuka ta haye. Ita aka yi wa wannan hanya. Mu muka naɗe wando muka ƙarasa a ƙafa, aka ba mu kindirmo mai sanyi a ƙwarya.

Ranar komawa kaya sun fi na zuwa. Fiya, ayaba, dankalin Turawa, man shanu, zuma, ganyen shayi, Inna ba ta yarda a bar ko ɗaya ba. Aka sake bin tsarin farko, mai nauyi a ƙasa. 'Yan'uwan biyu sun yi sallamarsu a ɗaki tun da asuba, ba wanda ya shiga. Hajiya ta fito idonta ja, ta hau ta zauna, ba ta yi magana ba har Nguroje.

A bakin gangaren na tsaya na sa giya ta biyu tun kafin mu fara. Dalilin maganar dattijon nan a fili yake. Mota mai nauyin wannan, da mutum bakwai da kaya, in ka bar ta a D tana ɗaukar gudu da kanta, kai kuma ƙafarka ba za ta bar birki ba. Fatar birki ta yi zafi, man birki ya tafasa, ka taka ka ji feda ta nutse babu komai. In tana ƙaramar giya, inji ne yake riƙe ta. Birki sai dai ka taka da ƙarfi kaɗan kafin kwana, ka saki, ya sha iska. Haka muka yi ta sauka, injin yana kuka, ina ba masu hawowa hanya. A tsakiyar gangaren muka wuce wata jif sabuwa fil a gefen titi, hayaƙi yana tashi daga ƙafafunta na gaba, ƙaurin ya cika wurin, iyalin suna tsaye cirko-cirko. Na tsaya a gaba inda ya yi faɗi na koma da ƙafa. Mai motar yana shirin watsa wa ƙarfen ruwa. Na roƙe shi kada ya yi, ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana lanƙwasa shi, ya bari ya huce da kansa. Na nuna masa giyar kamar yadda aka nuna min. Muka jira tare, sannan ya biyo bayanmu a hankali har Mayo Selbe. Na duba gefen masallaci ko zan ga dattijon in yi masa godiya, mai shayi ya ce ya yi lodi ya hau tun da safe.

Da muka dawo Kano na mayar da motar gareji. Shokozoba ɗaya ta baya tana yoyo, bushin na gaba sun gaji, sitiyari yana ɗan ja hagu sai da aka yi alaimen. Fatar birki kuwa bakaniken ya ce da sauranta sosai. Aka wanke jar lakar Gembu daga ƙarƙashinta, na sa aka kwance kariyar sama aka ajiye a gida, don ko babu kaya a kanta tana ƙara shan mai.